Sunanka Aka Sa, Baba

Idan ka je Garo yau ka ce kana neman gidan Halilu, za a tura ka wajen wani baƙo mai facin taya a bakin titi, ko a ɗaga maka kafaɗa a ce ba a san shi ba. Amma ka ce gidan Sanƙira kake nema, kowa zai nuna maka kangon da hannu. Ranar da ya rasu ma, da aka yi sanarwa a masallaci, cewa aka yi Allah ya yi wa Baba Sanƙira rasuwa. Ina tsaye a ƙofar gidansa na ji, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau bai gama hucewa ba.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu. Sunana Ƙasim, ina sayar da iri da maganin feshi a kasuwa. Shi ne ya fara faɗa wa duniya wannan sunan nawa, ranar da aka yanka mini rago. Ba ni kaɗai ba ne. Duk magidancin da ka gani a Garo da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da matan da aka kai aure Kabo da Kara da Gwarzo, da wuya ka sami wanda sunansa bai bi ta maƙogwaron mutumin nan ba.

Ga wanda bai taras da zamanin ba, ga yadda ake yi. Ranar suna da hantsi maza za su taru a ƙofar gidan haihuwa, a shimfiɗa tabarmi, a raba goro. Uban jariri ya matsa kusa da liman ya raɗa masa sunan. Liman ya yi addu'a, sannan ya raɗa wa sanƙira. Shi kuma sanƙira ya miƙe tsaye ya faɗa da ƙarfi, yadda matan da ke cikin gida za su ji su rangaɗa guɗa. Kafin ya buɗe baki, mutum uku ne kawai suka san sunan yaron. Da ya rufe baki, gari ya sani. Halilu ya gaji aikin ne wajen mahaifinsa, tun gemunsa bai fito ba.

Wani zai ce ai ihu ne kawai, kowa ma ya iya. Kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Shi a wajensa kowane suna da yadda ake fito da shi. In aka ce Zainulabidin, sai ya cika ƙirji da iska tukuna, ya ja shi a hankali har ya dire, ba ya yanke shi gida biyu. In Furera ce, sai ya sassauta murya ya sake shi ya tafi da kansa. In liman ya raɗa masa sunan da bai taɓa ji ba, ba zai miƙe ba sai ya tambayi ma'anarsa, jama'a na zaune suna jira, rago na ɗaure.

"Ba na ɗora wa ɗan mutane kayan da ban san abin da ke ciki ba," in ji shi.

Ni kuwa ya sa ni a gaba da tsokana tun ina yaro har na yi furfura. Wai nawa sunan ba shi da daɗin fita, kamar an karya kara. Wai an ce masa ma'anarsa mai rabawa, amma shi bai taɓa ganin na raba ko goro ba. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta rumfata ya maimaita wannan magana, ya ɗebi gyaɗar da nake ci, ya wuce.

Ba waliyyi ba ne, kada in yi masa ƙarya. Yana da ji da kai, yana da son nama, kuma ya iya riƙe mutum a zuci. Idan uban jariri marowaci ne, kirarin gidansu Halilu zai datse shi a gajarce, kowa ya gane an yi masa horo. Amma sunan jaririn, wannan cikakke yake fitar da shi, ko a gidan dagaci ko a gidan ɗan ƙwadago. Yakan ce yaro bai yi wa kowa rowa ba tukuna.

A gidansa ne kawai bai taɓa faɗin suna ba. Mutum ba ya tsayawa a ƙofarsa ya yi shelar ɗan cikinsa, da kunya. Duk haihuwar da matarsa Gwamma ta yi, sai dai a kira wani sanƙira daga Kabo, wanda Halilu ke ce wa mai muryar gwangwani. Ya zauna can gefe yana sauraro, yana cije leɓe. 'Ya'yansa maza biyu ƙyanda ta ɗauke su a damina ɗaya, ɗaya na bin ɗaya. Aka daɗe shiru, sannan Allah ya kawo Sa'ada, daga ita kuma Gwamma ba ta ƙara ba. An yi ta ba shi shawara ya ƙara aure, ya ce abin da yake samu bai kai ya raba tukunya biyu ba.

To ga abin da ban lura da shi ba sai da girma ya zo mini. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran sunayen mutane, nasa ba mai kira. Gwamma ba ta taɓa faɗinsa ba, kamar kowace matar kirki ta zamaninta. A gabansa Malam take cewa, a bayansa kuma mai gidan nan. Sa'ada ta ce Baba. Gari ya ce Sanƙira, mu da muka taso a gabansa muka ƙara masa Baba a gaba. Iyayensa da yayyensa sun daɗe a ƙasa. Mutum ɗaya ne ya rage mai kiransa gatsal, shi ne Mato wanzami, sa'ansa, wanda suke zuwa gidan suna tare, ɗaya da zabira ɗaya da murya.

Da sassafe Mato zai tsaya a ƙofar gida ya ƙwala kira: "Halilu! Fito mana, rago ba zai jira ka ba!"

Ta kan katanga ina ganinsa. Ya riga ya shirya tsaf, hula a ka, takalmi a ƙafa, yana zaune a kan turmi. Amma ba zai amsa ba sai Mato ya sake kira, wani lokaci har ya ƙara da zagi. Da nakan ɗauka jan aji ne irin nasa.

Sana'ar sanƙira ba ta mutu rana ɗaya ba. Da farko wasu malamai suka fara wa'azi a kan taron suna, suka ce ɓarnar ta yi yawa, maroƙa kuma ba su da gurbi a ciki. Sai aka koma raɗa suna a masallaci bayan sallar asuba, a raba dabino da alawa, kowa ya kama gabansa. Liman na da lasifika, me zai yi da maƙogwaron wani? Daga baya kuma waya ta zo, kafin a ɗaure rago an riga an tura sunan da hoton jariri har Legas. Halilu ya ci gaba da zuwa ko ba a gayyace shi ba, ya sa babbar rigarsa ya tsaya a ƙofar gida. Wata rana wani matashi, wanda shi ya faɗi sunansa da na ubansa, ya fito ya durƙusa ya ce, "Baba, ai an riga an yi tun ɗazu," ya cusa masa wani abu a aljihu. Tun daga ranar bai ƙara zuwa inda ba a kira shi ba, kuma ba a ƙara kiransa ba. Ya koma 'yar gonarsa ta bayan gari, yana dawa da wake.

Sannan Mato ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Bayan an share makoki, ina zaune da Halilu a dakalin ƙofar gidansa da la'asar. Can ya ce, "Ƙasim, ka san yau ba sauran mai kiran sunana a duniya?"

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"To kira ni."

Na yi dariya, na sosa ƙeya. Ya tsare ni da ido yana jira. Wallahi na buɗe baki, harshena ya ƙi. Mutumin da ya girmi ubana, ta ina zan fara?

"Ka gani," in ji shi. "Ban ce ka yi laifi ba. Tarbiyya ce, mu muka koya muku." Ya juya goron da ke bakinsa. "Tsohon liman ya ce mini ma'anarsa masoyi, aminin da ba shamaki tsakaninku. Kuma saurara ka ji yadda yake fita." Ya rage murya kamar mai tsoron a kama shi, ya faɗe shi a hankali, gaɓa gaɓa. "Ka ji? Ba ƙashi a cikinsa ko ɗaya. Duk sunayen da na faɗa a garin nan, ban taɓa samun wanda ya kai shi taushi ba, kuma ban taɓa faɗinsa a taro ba. Ba wanda ya sa wa ɗansa a zamanina."

Na ce masa ai ba za a manta da shi a Garo ba, kowa ya san Sanƙira.

"Wane sanƙiran? Na Kabo ma sanƙira ne. Ubana ma sanƙira ne, kai ka san sunansa?"

Ban sani ba.

"In na mutu aka ce Allah ya ji ƙan Sanƙira, sai mu taru mu raba da mai muryar gwangwani."

Na ce, "Allah ai ya san wanda ake nufi."

Ya ce, "Allah ya sani. Ni mutane nake ji."

Daga ranar na gane abin da ke cinsa. Ba abinci ba ne, ba sutura ba, Sa'ada na aiko da abin da ya sawwaƙa. So yake bayan ransa a sami wani mai rai da za a riƙa kira da wannan sunan, ya amsa. Kuma hanya ɗaya ce ta rage masa, ita ce ɗakin Sa'ada.

Sa'ada tana aure a Gwarzo, a wani gidan malamai. Mijinta Zubair yana koyarwa a Islamiyyar da mahaifinsa ya bari. Da aka yi auren, an yi ta ƙananan maganganu, wai gidan ilimi sun ɗauko 'yar maroƙi. Zubair bai taɓa nuna ya ji ba. Yaro ne mai kunya, in ya zo Garo tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ba ya haɗa ido da surukinsa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nemi mugu a labarin nan, babu shi.

Haihuwar fari mace ce, Naja'atu. Ta biyu namiji, aka sa masa Muhammad Nur, sunan mahaifin Zubair, kuma ba mai cewa ba daidai aka yi ba. Sai mace, sai wata macen. Duk sanda aka ce Sa'ada ta sauka, Halilu zai tambaya lafiyarta, sannan ya yi kamar bai damu ba ya ce, "Me aka samu?" In aka ce mace, ya ce masha Allah, ya ɗauki fartanya. Bai taɓa roƙa ba. Ya yi roƙo a ƙofar kowa a ƙasar nan, amma wannan abu guda ɗaya da yake so ba a roƙonsa, sai dai a yi maka.

Na taɓa ce masa, "Baba, ko an yi maka takwaran ai ɓoye sunan za a yi. Sa'ada za ta iya buɗe baki ta kira sunanka a tsakar gida? Laƙabi za su sa masa."

"Kai za ka koya mini?" in ji shi. "Na sani sarai. Amma in aka ce wa yaro Mai-suna, ko Baba Ƙarami, duk baƙon da ya ji zai ce sunan wa ya ci? Dole a faɗa masa. Kuma ai zai shiga makaranta. Malamin makaranta ba surukina ba ne, shi ba ruwansa, kira zai yi."

Ashe ya daɗe da gama wannan lissafin shi kaɗai a gona.

Wata damina, dawa ta fara ɗaukar ciki, aka bugo waya Sa'ada ta haifi namiji. Gwamma ta riga mu tafiya. Ana gobe suna Zubair ya kira ni a wayata, don ta Halilu kullum a kashe take cikin aljihu. Ya ce, "Kawu, don Allah a taho da Baba da wuri. Da asuba za a yi a masallacin ƙofar gida, ina so a yi yana nan." Bai ƙara komai ba, amma daga muryarsa na ɗago abin.

Na shiga na gaya wa Halilu, na ce in mun yi sammako a babur ɗina za mu sami sallar a can. Ya ce ba inda za shi da asuba.

"Ni maroƙi ne, Ƙasim. In aka gan ni a sahun gaba a gidan surukai ranar suna tun duhu bai yaye ba, me za a ce? A ce tsoho ya zo kasuwa. In ja wa yarinyar nan magana a gidan malamai? Sai rana ta fito, mu je kamar kowane kaka."

Na ce Zubair da bakinsa ya ce a zo da wuri. Ya ce kara ce irin ta yaran kirki. Na kusa gaya masa abin da nake zato, sai na ji tsoron in sa masa rai abin ya zo ba haka ba. Shi ma ina jin ya yi zaton, tsoron ne ya zaunar da shi. Washegari ya fito da farar rigarsa ta Idi, ya tsaya goge takalmi, ya koma ya canja hula. Ba mu bar Garo ba sai da rana ta ɗaga.

Muna isa an riga an feɗe raguna, ana ta hura wuta. Tun kafin in kafe babur wani yayan Zubair ya taho da sauri, ya durƙusa.

"Sannu da zuwa Baba. An zo lafiya? Ya hanya, ya mutan gida? Barka, barka. Ai an yi maka takwara."

Halilu ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, hannunsa a kafaɗata.

"Me aka ce?"

"Takwara aka yi maka, Baba."

"Na ji. Wane suna liman ya faɗa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Sunanka aka sa, Baba."

Aka kai mu zaure, aka shimfiɗa masa darduma. Mutane suka yi ta shigowa gaisuwa, malamai da ɗalibai da maƙwabta, kowa ya durƙusa ya yi masa barka. Duk wanda ya zo sai ya yi masa tambayar nan, kamar wanda kunnensa ya yi nauyi, wai me aka sa wa yaron. Kowa kuma amsa ɗaya yake ba shi cikin ladabi: naka ne Baba, sunanka ya ci, ai kai aka mayar. Limamin da ya faɗa ya riga ya tafi wani ɗaurin aure a Kara. Zubair ya shigo ya zauna a ƙasa can nesa, ya ce ya so a ce Baba na nan aka yi. Halilu ya sa masa albarka, ya daɗe yana sa masa.

Sannan ya juya wajen wani dattijo da ke kusa da shi ya ce, "Da lasifika aka faɗa?"

"Ƙwarai, har bakin titi an ji."

"Ya ja shi, ko datsewa ya yi?"

Dattijon bai gane tambayar ba, ya ce ai an yi addu'a sosai.

Aka fito da jaririn a naɗe cikin tawul, Naja'atu na biye, lokacin ta tasa. Halilu ya karɓe shi, ya buɗe fuskar, ya daɗe yana kallo. Na ga leɓensa na motsi amma ban ji komai ba. Sai Naja'atu ta dafa gwiwarsa ta ce, "Kaka, Fahad za a riƙa ce masa. Anti ƙanwar Babanmu ce ta zaɓo, ta ce ya fi daɗi."

Ya ɗago ya dubi Zubair. "Me yake nufi?"

Zubair ya ce sunan wata dabbar daji ce dangin damisa, Larabawa na sa wa 'ya'yansu saboda jarumta.

"To," in ji Halilu. "Allah ya raya."

Muka kama hanyar komawa har muka yi nisa. Ya taɓa bayana ya ce in tsaya. Ya sauka ya tsaya a bakin wata gonar dawa, ya juya mini baya. Na ji yana gwada sabon sunan a bakinsa, yadda ya saba yi wa kowane baƙon suna, ya faɗa ya sake faɗa. Ya dawo ya ce, "Ba laifi. Amma a rufe yake ƙarewa. Kuma wanda ya ji shi ba zai tambayi komai ba." Ya hau muka tafi. Ni kuwa tuƙi nake ina jin haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa. Zubair ya yi abin da ba kowane suruki ke yi ba. Sa'ada ba za ta kira sunan ubanta ba, kuma da ta kira ni ne zan fara cewa ba ta da kunya. Kowa ya girmama shi iyakar girmamawa, ya dawo gida ko sau ɗaya bai ji abin da ya je ji ba.

Duk da haka bai saki ba, saura makaranta. Gwamma ta rasu a shekarar da yaron ya fara tafiya, gidan ya yi masa faɗi. Ƙafafunsa suka fara kumbura, gonar ma ya ba da aro. Matata ke miƙa masa tuwo ta kan katanga. In na shiga gaishe shi yakan tambaya, kamar da wasa, wai yaran yanzu da shekara nawa ake sa su a makaranta. Da lokacin ya yi, Sa'ada ta zo duba shi, ya tambaye ta da wane suna aka rubuta yaron. Ta ce Fahad Zubair. Ta ce malamar ta gwada ɗayan a ranar farko, yaron bai san da shi ake ba, sai aka bar masa wanda ya sani don kada a rikita shi. Ta faɗa ne tana ninke masa wanki, ba ta ga fuskarsa ba.

Zuwanta na ƙarshe da yaran, ana saura kaɗan a fara girbi ne, kuma tsohon bai ga ƙarshen girbin ba. Na shiga da la'asar na same shi a tsakar gida a kan tabarma, an jingina shi da bango da matashi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sa'ada na bakin murhu tana dama masa kunu. Naja'atu na tsefe wa ƙanwarta kai. Yaron kuwa, ɗan ƙaƙƙarfa mai faɗin goshi irin na kakansa, yana can wajen turken awaki yana bin wani ɗan akuya da kara.

Halilu ya daɗe yana kallonsa. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro dabino guda biyu ya riƙe a tafin hannu. Ya ce in ɗaga shi. Na tallafe shi ya zauna sosai. Sai na ji ƙirjinsa na cika da iska a jikin hannuna, na gane abin da zai yi.

"Halilu!"

Ban san akwai sauran wannan muryar a jikinsa ba. Ta cika gidan ta tsallake katanga, kaji suka watse. Ya ja shi har ƙarshe, bai datse ba. Sa'ada ta tsaya cak da ludayi a hannu, ta sunkuyar da kai. Yaron bai waiwayo ba, yana ta fama da ɗan akuyarsa.

Ya sake tara numfashi, wannan karon da ƙyar.

"Halilu!"

Ƙaramar yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Lah, Kaka yana kiran kansa." Naja'atu ta buge mata baki. Na ga hawaye na ɗiga daga haɓar Sa'ada, amma ba ta ɗago ba, ba ta kuma ce wa yaron ana kiransa ba. Ina jin ta gane ba aike ubanta yake so a yi masa ba.

Ya jira. Ɗan akuyan ya shige bayan rumbu, yaron ya tsuguna yana leƙensa. Na ji nauyin tsohon ya dawo jikina gaba ɗaya. Ya dubi dabinon da ke hannunsa, ya dubi bayan yaron. Sannan a hankali, da muryar da ko ni da ke riƙe da shi da ƙyar na ji, ya ce, "Fahad."

Yaron ya juyo nan take, ya yar da karan, ya taho da gudu.